Malam Arzika da Ɗakin Badujala

Duk wanda ya san Malam Arzika a Argungu ya san shi da abu biyu, busa da zafin rai. Busar tun a fadamar Gwadangaji ya fara ta, inda mahaifinsa Hodi yake noman shinkafa. Yana ɗan shekara tara aka ɗora masa korar tsuntsaye. Da ya gaji da ihu sai ya yanko kara, ya huda shi da ƙusa mai zafi, ya yi sarewa. Tsuntsaye suka ci shinkafa, shi ya sha duka, amma bai daina ba.

Zafin ran kuwa daga baya ya zo.

A shekarar 1978 ya shiga wata sakandaren kwana a Birnin Kebbi. A nan akwai wani malami mutumin Filato, Malam Silvanus, yana zaune a unguwar Badariya da matarsa Susanna, shi ke kula da badujalar makaranta. Wata rana da yamma ya ji busa a bayan kicin, ya bi sautin har ya tarar da Arzika a kan tulin itace.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ba kowa, Malam. Ni kaɗai nika yin abina."

"To gobe bayan la'asar ka same ni a ɗakin badujala. Ka zo da karan nan naka."

Malam Silvanus ya ba shi ƙahon tagulla, ya koya masa jan numfashi daga ciki, da karanta alamomin kiɗa a takarda. In Arzika ya yi kuskure sai malamin ya ce, "Kusa ka kai, sake." Bai taɓa cewa ya yar da sarewar ba. Wata Asabar ma ya goya shi a babur har Argungu, wurin wani tsoho mai gurmi da ake kira Labbo, wanda ya shekara arba'in yana yi wa masunta kiɗa.

"Abin da ke hannun tsohon nan babu shi a littafina," in ji Malam Silvanus.

Labbo ya saurari busar yaron idonsa a rufe, sannan ya ce, "Ɗana, kana da kunne. Amma kana gudu kamar an biyo ka. Bar ma kiɗin wuri shi huta."

A shekara ta uku aka gayyaci makarantar ta yi kiɗa a bikin kamun kifi. Arzika ya ɗauko wani taken masunta da ya koya wurin Labbo, ya rarraba shi ga ƙahoni da ganguna. Wata uku suna gwaji. Saura mako biyu aka kawo sabon shugaban makaranta. Ya leƙa ɗakin sau ɗaya, hannuwansa a baya. Washegari a taron safe ya ce gwamnati ba ta tara ɗalibai don ta yaye maroƙa ba, ya sa aka garƙame ɗakin da ƙaton kwaɗo.

Sau uku Malam Silvanus yana zuwa ba da haƙuri. A na ukun murya ta ɗaga. Ba a yi wata ba takarda ta zo, an mayar da shi wani ƙauye can bakin iyaka.

Arzika ya shiga ofishin shugaban ba tare da an kira shi ba.

"Ranka shi daɗe, mi Malam Silvanus ya yi?"

"Kai ɗan wane ne?"

"Ɗan Hodi, manomi."

"To tafi ka tambayi ubanka ko yana son a ce ɗansa maroƙi ne."

"Ba mu roƙi kowa komi ba, ranka shi daɗe."

Shugaban ya nuna masa ƙofa. Arzika ya fita, ya nufi ɗakin badujala, ya ɗauki dutse, ya yi ta dukan kwaɗon har hannunsa ya fashe. Kwaɗon bai buɗe ba. Aka yi masa bulala goma sha biyu a gaban ɗalibai, aka kore shi na mako biyu. Ba bulalar ce ta ci masa rai ba. Malaman da suke tsayawa bakin taga suna kaɗa kai in ana gwaji, su ne suka tsaya a jere ranar, ba wanda ya tsaya masa. Da ya isa gida kuma mahaifinsa ya ce ai shugaban gaskiya ya faɗa.

Malam Silvanus bai karɓi canjin ba, ya ajiye aiki. Ranar da ake loda kayansa a mota, Arzika ya je Badariya ya ce shi ma ya bar makaranta. A ranar ya fara ganin fushin malamin.

"Ka bar ta don wa? Ni na sha rana a hanyar Argungu don ka koma gida ka zauna? Ka gama karatunka. In ka ƙi, kada ka ƙara cewa ni na koyar da kai."

Susanna ta miƙo masa ƙullin gyaɗa, mota ta tashi.

Arzika ya gama sakandaren, ya yi kwalejin horon malamai, aka tura shi wata firamare a Argungu a 1986, ya kama ɗaki kusa da gidan Labbo. Da hutun farko ya koma tsohuwar makarantarsa neman aron kayan badujala. Aka fasa kwaɗon, don makullin ya ɓace. Rufin ya daɗe yana yoyo. Ɓeraye sun cinye fatun ganguna, ƙahoni sun yi tsanwa sun liƙe. Shugaban kuwa tuni an ƙara masa girma, yana Sakkwato. Arzika ya rubuta wa hukuma takarda bakwai a kan wannan ɓarna, ba a amsa ko ɗaya ba.

Ya ci gaba da abin da ke hannunsa. Duk Alhamis bayan an tashi, yana tara yara a gindin dogon yaro, kowa da karansa, Labbo na gefe da gurmi. Cikinsu akwai Abdussamadu, wanda ya fi kowa kunne. Wata rana uban yaron, wani manomin albasa mai suna Yari, ya zo ya fizge shi a tsakiyar busa, ya taka sarewar da ƙafa. Arzika ya miƙe zai bi shi. Labbo ya riƙe masa gefen riga.

"Zamna, Malam. In ka zage shi, yaron nan ya tahi ke nan."

Kwana uku Arzika bai iya cin abincin kirki ba. Ranar Lahadi ya tafi gonar Yari, ya yi sallama, ya tuɓe riga, ya kama taya shi cirar albasa. Har azahar suna aiki. Da suka zauna shan fura, Yari ya ce, "Alhamis kaɗai. Kuma ba shi busa ma kowa a gidan biki."

Arzika ya ce ya yarda. Ya taka zuwa gida bayansa na ciwo, yana ta faɗa shi kaɗai a hanya, har wata mai tallar kifi ta tsaya tana kallonsa.