Gilashin Tsoho Miao Mai Rabin Duhu

Da asuba, tun kafin a iya bambanta ruwa da laka, Tsoho Miao na tsugune a bakin shingen teku yana ɗaure gwiwarsa ta hagu da tsumma. Haka nake tarar da shi duk ranar da na biyo ta wurin. Yakan naɗe tsumman sau uku, ya ja bakinsa da haƙori, sannan ya zura dogayen takalman roba. Matarsa Sulan tana tsaye a kansa da malafa a hannu, tana mitar ya bar kunun shinkafarsa ya huce.

Ni direba ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kwasar masu ɗaukar hoto daga masaukansu na cikin garin Xiapu, ina kai su kan tudu kafin rana ta fito. A nan duk wanda ya rataya kyamara a wuya malam ake ce masa. Sukan jeru a kan tudun, mutum ɗari, wata rana ɗari biyu, kafaɗa da kafaɗa, suna jiran ruwa ya janye ya bar laka tana sheƙi. A ƙasa kuwa, tsakanin gorar da ake rataya ragar ganyen teku, mutanenmu ne ke aiki. Wasu aikin gaske suke yi, wasu an biya su ne su yi ta kai da kawowa da taru a kafaɗa.

Miao da Sulan sun yi duka biyun. Shekara arba'in suna noman ganyen teku a wuri ɗaya. Da gwiwarsa ta lalace, sai suka haɗa da yi wa malamai tafiya. Jagoran baƙi yakan ba su oba-oba, 'yar rediyon magana ta hannu, ya tsaya a kan tudu yana ihu a ciki: “Ku yi hagu! Tsoho, ɗaga tarun! Tsohuwa, sunkuya!” Su kuma su yi. Miao ba mai magana ba ne. Ranar da tayata ta nutse a bakin shinge, mutum shida sun tsaya suna ba ni shawara. Shi ya je gida ya ɗauko katako biyu na sawa a ƙarƙashinta.

A kakar bara ɗansu da ke Suzhou ya ce ya isa haka. Ya gyara musu ɗaki, su tattara su koma wurinsa da zarar an gama yankan ƙarshe. Wurin nomansu kuma maƙwabci zai karɓa. Ba su yi musu ba, jiki ya riga ya gaya musu. A cikin kwanakin ne surukarsu ta turo wa Sulan hoton wata kalanda da ta gani a bangon ofis: rana ja, gora a jere, da mutum biyu baƙaƙe wuluk kamar an yanke su daga takarda. Ta rubuto, “Mama, wai ku ne?”

Sulan ta nuna mini a waya, tana zaune a bakin ƙofar motata.

“Ni ce mana. Na gane tsayuwata. Amma kai, Pan, in ba a gaya maka ba, za ka ce ni ce?”

“Zan ce malafa ce da ƙafafu.”

“To ka ji. An ɗauke ni ya fi sau dubu goma a lakar nan. Babu ɗaya da zan rataya a can in ce ga ni a bakin aikina.”

Na ce ta tsaya a jikin bango da rana tsaka in ɗauke ta da waya yanzun nan. Ta harare ni. Ba wannan take so ba. Tana son fitowar rana a bayanta, da gorarta, da ragarta, yadda kowa ya san wurin, amma da fuskarta a ciki. Miao yana gefe yana gyaran igiya. Washegari sai ga shi da wata tsohuwar kyamara da wani malami ya taɓa bar masa, bayan ya yi mako guda yana ɗaukar masa kaya a cikin laka.

Matsalar kowa ya san ta a kan tudu. Da safe sama tana da haske ƙwarai, ƙasa tana da duhu, kyamara kuwa ɗaya take iya bi. In ta bi sama, mutane su yi baƙi. In ta bi mutane, sama ta yi fari fat kamar takarda. Maganin shi ne wani gilashi mai faɗin tafin hannu da ake zurawa a gaban idon kyamara, rabinsa na sama mai duhu, rabinsa na ƙasa garau. Duhun ya dafe sama, sai a buɗe wa ƙasa haske.

Akwai wani Malam Gu daga Shanghai da nake ɗauka duk shekara. Shi ne wanda Miao ya fara tambaya. Gu ya buɗe wata 'yar jakar fata, ga gilasai shida a jere, kowane da rigarsa.

“Wannan kuɗinsa yuan ɗari tara,” in ji shi. “Guda ɗaya fa. In ba irinsa ba, kada ka ɓata lokacinka.”

Miao ya mayar da hannunsa baya, bai taɓa ba.

Akwai na roba, masu araha. Sati uku ya yi yana bin malamai da tambaya, da hularsa a hannu, mutumin da in ya yi jimla biyar a yini an ce ya yi surutu. Abu biyu ne zai zaɓa. Duhun ya kai mataki nawa, biyu ko uku? Sannan iyakar duhun, mai kaifi ce kamar an ja layi da wuƙa, ko wadda ke sajewa a hankali? Kowa da ya tambaya amsa ɗaya ya ba shi, da ƙarfin murya kuma: bakin teku ne, inda sama ta haɗu da ruwa miƙaƙƙen layi ne, ka sayi mai kaifi, mataki uku. Na nuna masa a wayata cewa da ya ƙara kaɗan zai samu guda uku iri daban-daban.

“Ido ɗaya kyamarar take da shi,” ya ce. “Ban sayen abin da zai kwanta a aljihu.”

Muka aika a kawo na roba guda ɗaya, mai kaifi, da abin riƙe shi, yuan arba'in da biyar.

Duk tambayar nan ta ci lokaci. Ruwa ba kullum yake janyewa daidai da fitowar rana ba, sai 'yan kwanaki a kowane rabin wata. Ranar da saƙon ya iso, safiya uku ta rage. Bayan su sai an jira sati biyu, kuma kafin nan tikitin jirginsu ya riga ya kai su Suzhou.

Safiya ta farko na sauke fasinjojina a tudu, na ari takalmi na bi su cikin laka. Miao ya tsaya taku biyar daga matarsa, ya zura robar, ya saita iyakar duhun daidai kan bakin ruwa kamar yadda aka koya masa. Rana ta leƙo, ya danna. Muka taru a bayan kyamarar.

Sama ta fito da kyau. Laka ta fito, takalmanta sun fito, har tsagewar bayan hannunta ana gani. Daga ƙirji zuwa sama kuwa baƙi ƙirin.

Sulan ta tofa yawu gefe sau uku. “Goge shi! Ina raye ka rufe mini fuska? Goge yanzu, tsohon banza!”

Ya goge. Ya sake gwadawa, ya ɗaga robar sama, sai rana ta wanke komai. Ya mayar, kanta ya sake shiga duhu. Kafin ya gane abin da ke faruwa, jan saman ya tafi.

A mota na gaya wa Malam Gu. Ya yi dariya har da buga cinya.

“Ai mu daga sama muke ɗauka! Daga tudu kowa yana ƙasa da layin. Shi da ya tsaya daidai da ita, dole kanta ya haura cikin duhun. Mai sajewa ya kamata ya saya.”

“Ku kuka ce masa mai kaifi.”

“Bai ce a cikin laka zai tsaya ba.”

“Shekara arba'in a ina kuka taɓa ganinsa?”

Ya ce in an aika yau, kwana uku ya iso. Na ce kwana biyu suka rage, kuma akwai mai sajewa a jakarsa. Ya ce da zai so ƙwarai, amma gishirin teku na ɓata gilashi. Ya ba ni sigari.

Safiya ta biyu Miao ya hau tudu. Malamai suka yi ta tsaki suna cewa ya tare musu wuri. Daga can komai ya fito daidai, sama da ƙasa, amma kyamararsa ba ta jawo nesa. Sulan ta fito kamar ƙwayar shinkafa. Ina mayar da shi gida, mun kusa isa sai ya juyo wajena.

“Sai na fi ta tsayi,” ya ce. “Amma kusa da ita.”

“A cikin laka? Me za ka taka, kaina?”

“Ka zo da yamma.”

Na je. Ya zaɓo gora uku masu kauri, ya haɗe kawunansu da irin ƙullin da suke ɗaure raga, wanda ruwa ke ƙara wa ƙarfi. Ya ɗaura matakala a gefe ɗaya, ya sa faffaɗan katako a ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ta nutse. Tsayinta ya kai mutum ɗaya da rabi. Sulan ta fito da kwanon taliya da kifi, ta dube ta daga sama har ƙasa.

“Da wace gwiwar za ka hau wannan? Bar shi, tsoho. Hoto ne kawai.”

“Ki wanke malafarki,” ya ce.

Safiya ta uku sanyi har cikin haƙora. Gajimare ya rufe gabas, sai wata 'yar tsaga a ƙasansa. Muka ɗora gorar a kan katakon zamiya da ake tura kaya da shi a laka, ni da shi muna turawa, Sulan na gaba da fitila. Muka kafa ta a gaban layin ragarsu. Ya hau da ƙafa ɗaya, yana jan ɗayar da hannu, mataki bayan mataki. Ni na rungume gorar daga ƙasa, laka ta kai mini gwiwa.

Gari na fara haske oba-oba ta fashe a cikin kwandon Sulan. Jagoran baƙi ne.

“Tsoho Miao! Mene ne wannan ka kafa a tsakiyar wuri? Kana ɓata wa mutum ɗari biyu hoto! Ku cire shi!”

Muna jiyo ihun malamai daga tudu ko ba rediyo. Jagoran ya ce in ba a cire ba, kada su ƙara sa ran zai kira su aiki. Sulan ta ɗauko oba-obar ta kai bakinta.

“Ɗan nan, jibi ina Suzhou. Yau ba naku nake yi ba.” Ta murɗe ta kashe.

“Matso kaɗan,” in ji Miao daga sama. “Juyo gefe. Ɗaga malafar, ba na ganin idonki.”

“Kai ma ka zama jagora?”

“Ki yi aikinki kawai.”

Ta kama ragar ta fara tsinkar ganye. Ina jin gorar tana rawa a ƙirjina, shi kuma yana sauko da robar a hankali. Daga inda yake, ita duka tana ƙasa da bakin ruwa. Rana ta shigo ta tsagar nan, ba ta yi minti huɗu ba. Na ƙirga ƙarar kyamarar, sau goma sha ɗaya. Sai gajimare ya haɗiye ta, ruwa kuma ya fara dawowa ta kwaruruka.

Wajen saukowa gwiwar ta ƙi ɗaukarsa. Ya zame matakala biyu na ƙarshe ya zauna daɓas a laka, kyamarar a ɗage. A kan katakon zamiya muka fito da shi, ni da matarsa muna turi. Gorar muka bar wa ruwa.

A bakin shinge muka duba. Takwas sun girgiza. Biyu ta rufe ido. Ɗaya ya tsaya. Robar mai araha ta sa sama ta ɗan yi shunayya, launin da ban taɓa gani a wurin nan ba, kuma na san abin da Malam Gu zai ce. Amma ga rana, ga gora, ga raga, ga Sulan. Ana ganin kowane layi na fuskarta, da leɓen da gishiri ya tsattsaga, da giɓin haƙorinta na gefe.

Ta daɗe tana kallo.

“Haka na tsufa?”

“Haka kike,” in ji shi.

“Ashe a baƙin na fi kyau.”

“In goge?”

“Taɓa ka gani.”

A cikin gari aka wanke hoton babba. Mai shago ya ɗauko baƙin firam, irin wanda ake sa wa hoton mamaci a nan, ta ce ya mayar, ba ta mutu ba tukuna. Aka sa masa na jan katako.

Ni na kai su tashar jirgi. Hoton bai shiga kowace jaka ba, a kan cinya Miao ya riƙe shi har muka isa. Tashar ta cika maƙil, ana ture-ture a ƙofar shiga. Na sauke musu kaya, Sulan ta tura mini ƙunshin busasshen ganyen teku, ta ja jakunkuna ta yi gaba. Shi bai iya ba ni hannu ba, ya dai gyaɗa mini kai. Da ya ga yadda mutane ke bugun juna da akwatuna, sai ya ɗaga hoton da hannu biyu sama da kansa, ya shiga cikin layin.