Ranar da Fanka ta Watsa Littafin Baban Buraima

Malam Buraima mai tsofaffin littattafai abokina ne tun muna tsohon Zongon Lomé, kafin a tashe mu a kai mu bayan gari. Ni Jumare, aikina fitar da kaya a tashar jirgin ruwa ta Lomé. Shi kuwa aikinsa, wai, sayar da littattafai. Na ce wai, domin ban taɓa ganin ɗan kasuwa mai ƙin ciniki kamarsa ba. Ka ɗauki littafi, sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Me za ka yi da shi?" In amsarka ba ta gamshe shi ba, ya karɓe abinsa.

Akwai littafi guda da ko taɓawa ba ya bari a yi. Mahaifinsa ne ya rubuta shi da ajami, labarin fataucin goro daga Katsina har bakin teku. Warƙa ɗari biyu ne, ba ɗinki, a cikin jakar fata. Damshin teku ya fara cin gefensa. Buraima ya soma kwafewa da hannu, ido ya ƙi. Ya taɓa ce mini, "Jumare, tsorona kada littafin nan ya mutu a hannuna." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai.

A 1986 na ga injin fotokofi a shagon wata Madam Akossiwa a kasuwar Adawlato. Wata uku ina lallashin mutumin nan. Ya ce injin zai shanye tawadar. Na ce ba ya sha. Ya ce, "Kai da ka gudu daga makarantar allo, ina ka san abin da ke shan tawada?"

Ranar da ya yarda, sai da ya yi alwala, ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. A shagon ma bai miƙa littafin ba, sai da aka gwada da wani tsohon littafin lissafi na Faransanci, ya shinshina shi, ya ɗaga shi a rana, ya tabbata baƙaƙen suna nan. Sannan ya kwance jakar ya ajiye warƙoƙin a kan tebur.

Ni kuma da shisshigi, na ga yana zufa, na kunna fanka.

Kafin in kashe, littafi ya tashi. Wasu warƙoƙin ƙarƙashin inji, wasu bayan hoton shugaban ƙasa, ɗaya har bakin titi, wata mai tallan lemu ta kawo mana. Muka tattara kaf, ba wadda ta ɓace. Na ce, "Ai da sauƙi, mu bi lamba."

Buraima ya zauna a benci. "Babu lamba," in ji shi. "Mutanen da ba sa sa lamba. A ƙasan kowace warƙa suke rubuta kalmar farko ta warƙar gaba, 'yar mitsitsiya. Da ita ake jerawa. Shekara biyu ke nan ba na ganinta."

Na dubi tsibin takardun. Da hannuna na kashe abin da na zo ceta, kuma ko zagina bai yi ba, wanda ya fi zagin ciwo.

Madam Akossiwa ta tambaye ni da Faransanci me ya faru, na gaya mata. Ta matso wajen tebur. Ta ɗauki warƙa ɗaya, ta murɗa wani abu a jikin injin, ta danna. Takarda ta fito da rubutun ya ƙara girma, baƙaƙe ɓaro-ɓaro. Buraima ya karɓa, ya cire tabarau, ya karanta layi uku a bayyane ba gargada. Sai ya dube ni ya ce, "Me ya sa ba ka kawo ni tun bara ba?" Ka ji mutum.

Madam ta kwafe mana duka warƙoƙin da manyan baƙaƙe. Kwana tara muka yi muna jerawa a shagonsa bayan la'asar. Shi yana karanta kalmar ƙasa, ni ina lalube a tsibin da ɗan guntun karatuna, yana yi mini tsiya duk baƙin da na rikita. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na kwanakin nan ba.

A warƙar ƙarshe mahaifinsa ya rufe da addu'a: Allah Ya gafarta wa wanda ya rubuta, da wanda ya karanta, da wanda ya kwafe shi a bayana. Buraima ya karanta sau biyu, hawaye na zuba a gemunsa.

Ya share fuska ya ce, "To, wa ya kwafe? Ni ne, ko kai, ko Madam?"

Na ce, "Inji ne."

Washegari ya sa na raka shi Adawlato da ƙullin goro. Ya ba Madam Akossiwa nata, ya fassara mata addu'ar, ya ce tana ciki. Sannan ya zaɓi fari ƙato guda, ya ɗora a kan injin, ya ce kada kowa ya taɓa.