Aloberar Goggo Ta Yi Fure

Da safiyar yau aloberar da ke bakin tagata ta yi fure, sai Goggo, yayar babana, ta faɗo mini a rai. Shekara uku ke nan da rasuwarta.

Ita ta ba ni shukar a gwangwanin madara ranar da aka kai ni ɗakin mijina a unguwar Ɗan Iya. Saboda tsananin so, safe da yamma nake ba ta ruwa, har ganyenta ya yi laushi, saiwarta ta fara wari. Na kai wa Goggo ita gidanta a unguwar Wunti ina hawaye, gani nake aurena ma zai bi ta.

Goggo ta cusa yatsa a ƙasar, ta sunsuna. "Ke 'yar nan, shinkafa kike nomawa? Ita alobera, da mai ɗigo-ɗigon nan da babbar koriyar, duk sai ƙasa ta bushe ƙamas ake ba su ruwa."

Ta yanke inda ya ruɓe, ta shanya ta kwana uku a inuwa, ta sake dasa ta cikin yashi.

Yau gida bakwai a layinmu suna da 'ya'yan aloberar nan, kuma ni nake koya musu gwajin yatsa. Allah Ya sanyaya makwancinki, Goggo, Ya saka ki a lambun da ba ya bushewa.