Laka a Fankar Motata

A bazarar da ciwon ƙirji ya matsa wa Inna, ni ke ɗauko ta daga unguwar Gassi zuwa asibiti kafin in wuce shagona na atamfa a kasuwar Grand Marché. A lokacin ne fankar klim, wato na'urar sanyaya motata, ta lalace. In ka murɗa makunninta a hankali, shiru, sai ka kai ƙarshe ta tashi da ƙugi tana watso iska a fuska. In na kunna, Inna ta kama tari har da hawaye. In na kashe, zufa ta jiƙa mata mayafi.

Yayana ya ce in bar masa. Ya kai gareji, ya dawo ya ce rezistans ce ta ƙone, wata 'yar aba mai rage wa fanka gudu, an sa sabuwa. Ba a jima ba ta sake ƙonewa. Ya sake kaiwa, ya dawo yana zagin kayan zamani.

Da ta kuma mutuwa ban gaya masa ba. Na kai motar wurin wani mai gyaran wayar mota a unguwar Paris-Congo, na tsaya a kansa. Ya kwance ta ƙasan gaban fasinja, ya zaro abar baƙa ƙirin, bakin wayarta ya narke.

"Hajiya, wannan ba ta mutuwa haka kawai," in ji shi. "Wani abu ke kashe ta."

Ya ciro fankar kanta, ya juya ta da yatsa, da ƙyar ta motsa. Busasshiyar laka ta zubo masa a hannu, ga tsatsa.

"In fanka ta cije, wuta take ja fiye da kima, iskar da za ta sanyaya rezistans kuma babu. Motar nan ta shiga ruwa mai zurfi."

Ni ban taɓa shigar da ita ruwa ba. Amma da damina, da na tafi sarin kaya Kano, a hannun Yaya na bar ta.

Na tarar da shi a tsakar gida yana shan shayi.

"Yaya, ina ka kai motata da damina?"

Ya ajiye kofinsa. "Hanya ce ta cika, na ɗauka zan wuce. An turo ta, an wanke. Ma fi mushkila, ba wata matsala."

"Mai garejinka bai ga lakar ba?"

"Ya gani. Ya ce a canza fankar."

Na gane Yaya ya ƙi canza ta ne don kada in tambayi dalili.

"Kana ganin yadda Inna ke dawowa daga asibiti, ka yi shiru?"

"Ke, da yayanki kike magana!"

Daga ɗaki Inna ta ce, cikin tari, "A bar maganar, ya wuce."

Wannan ya fi komai ƙona min rai, don shi take karewa. Na haɗiye sauran maganata saboda ita. Aka sa sabuwar fanka, abin bai sake ƙonewa ba. Yaya bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Bayan salla ya aiko yana son motar zai je ɗaurin aure, na ce a gaya masa taksi na nan a bakin titi.