Dattijon da Ke Kwanciya Ƙarƙashin Mota

Ranar Litinin, huɗu ga Mayu, na fara ganinsa ta tagar ofishinmu. Dattijo ne siriri, yana kwance ƙarƙashin tsohuwar motarsa a kan gangara, yana dukan kik ɗinta da sifana don ta tashi. Matarsa ke murɗa makulli. Da gani ba ta taɓa tuƙi ba.

"Maman yara, danne burkin nan," yake cewa. "Kika ɗaga ƙafa, kin shiga takaba."

"Malam, daina faɗa!"

Ina zaton makanikai sun gaji da shi. Kullum shi da matarsa suka zo haka ake yi, ni kuma sai aiki ya gagare ni.

A watan jiya ƙafarta ta zame daga kan burkin. Ya rayu, amma da sanda yake tafiya.