Takalmin Taubashina

A bayan gidanmu na Ƙofar Marke akwai wani kango inda muke ɗaga ƙarfe bayan sallar La'asar. Kayan namu ba na kanti ba ne. Gwangwanayen fenti ne cike da siminti, an soke su da bututu, sai wani tsohon ƙarfen ƙafafun mota da muke kira Bajimi. Shekara shida ni kaɗai ke iya ɗora Bajimi a kafaɗa, in tsuguna in miƙe sau biyar, kuma babu takalmi nake yi. Da safe ina karantarwa, ina rubuta wa mutane saƙo da ajami. Da yamma mahauta da masu dakon buhu su kewaye ni suna kallo. Allah ya gafarta mini, kallon nan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya dace da mai karatu.

Sai taubashina, ɗan gwaggona, ya dawo daga Kano inda yake fataucin shanu, ya zo da wani farin takalmi mai maɗauri a sama. Ranar farko ya ɗaure shi, ya shiga ƙarƙashin Bajimi, ya tsuguna har ƙasa, bayansa a miƙe kamar taɓarya. Ya tashi sau bakwai. Duk idanun da ke kaina suka koma kansa.

"Malam, sai ka rubuta wanga a takarda," in ji shi yana haki, "kar ka manta."

Na yi dariya, tunda wasan taubasai ba a fushi da shi. Amma zuciyata ta riga ta yanke hukunci cewa ƙarfin a takalmin yake. Na san abin da malamai suka faɗa a kan hassada, ni da bakina na karantar da shi. Duk da haka, washegari na tafi wajen 'yan gwanjo na ce a ba ni kambas wanda ƙasansa ya fi kowane kauri. Na samu wani mai laushi, tudunsa ya ninka na farin takalmin. A lissafina, wanda ya fi tudu ya fi ƙarfi.

Da na shiga ƙarƙashin Bajimi, sai ƙasan takalmin ya lotse kamar katifa. Gwiwoyina suka riƙa lilo, wannan ta yi gabas, waccan ta yi yamma. A tashi na biyu na saki ƙarfen ya faɗi.

"Malam ya hau kwalekwale!" wani mahauci ya ce, kango ya ɗauki dariya.

Da aka kira Magariba muka yi alwala muka shiga masallacin unguwa. Ana sallamewa na fito ban tsaya lazimi ba, abin da ban saba yi ba. Farin takalmin na nan a bakin ƙofa. Na ɗauka na danna ƙasansa da babban yatsa. Tauri gare shi kamar allo, ko alamar lotsewa babu, dunduniyarsa kuma ta ɗaga kamar faɗin yatsu biyu. Ban san lokacin da na zura ƙafa ba.

"Har ƙofar masallaci, Malam? Mi kaka nema ciki, lada?"

Taubashina ne tsaye a kaina, yana murmushi. Na ce dubawa kawai nake.

"To duba da kyau. Wancan naka na gudu na. Ƙarfe ba ya son ƙasa mai motsi. Wallahi ƙafarka tsirara ta ɗara wannan katifa da ka sawo." Ya ce in ara in gwada. Na ce na gode, ba na aron takalmin ƙane.

A maimakon haka na aza ƙafata a takarda na zagaye ta da alƙalami, na rubuta bayani da ajami a gefe, na kai wa wani tsohon baduku a Ƙofar Atiku. Ya ɗinka mini na jar fata, ya sa katako a dunduniya da maɗauri a sama. Ranar da na sa shi na ji ƙasa ta riƙe ni, na tsuguna fiye da yadda na taɓa yi. Na tashi sau shida, abin da ban taɓa kaiwa ba. Na juya ina neman idanun mutane.

Taubashina kuma ya shiga ya yi takwas.

Na girme shi da shekara tara, kuma baduku ba ya ɗinka wannan. Yanzu ni ke yi masa ƙirga, don sun ce ni ba na ha'inci. Bayan kowane tashi nakan ce masha Allah. Har ta bakwai kalmar na fita lafiya. Ta takwas ɗin ce har yau sai na haɗiye yawu kafin ta fito.