Ranar Da Na Tsotsi Katafila

Ɗana ya gama kwalejin gyaran manyan injuna, ni kuwa ilimina bai wuce injin ban-ruwa ba. Ana tsakiyar damina, katafilar da ke yashe ciyawar kacala a kogi wajen Auyo ta mutu, ciyawar ta toshe wa ruwa hanya, yana shirin cinye shinkafata. Aka kira ɗan nawa, na bi shi.

Yana ta aune-aune, na ce, "Kai, matsa! Iska ta sha." Na zare tiyon mai na tsotsa, yadda muke wa injinmu. Sai da na haɗiyi gas.

Ya ce, "Sannu, Baba. Kan batir ne ya kwance."

Ya ɗaure, ta tashi, shinkafa ta tsira. Na yini ina gyatsar gas, ina gaya wa mutane mu muka gyara.